Gwangwanin Madara

Warin maganin ciyawa ne ya fara tarbata a ajin, wari mai nauyi da ke zama a maƙoshi. Lokacin ina koyon aikin koyarwa, an tura ni wata sakandare a wajen Kudan in zauna a bencin baya in ga yadda ake koyar da kimiyya. Damina ce, rake ya yi kore har gindin katangar makaranta.

Warin daga rigar wani ɗalibi yake fitowa, dogo, wanda ya girmi sauran, har gemu ya fara tsiro masa. Kafin ya zo aji sai ya goya famfo ya yi wa mutane feshi a gonakinsu. Idan bakin famfon ya toshe, da bakinsa yake hurawa. Idan ya gama sai ya fasa gwangwanin madara ya shanye, domin duk masu feshin yankin sun yarda madara na kashe dafin.

Malamar da nake kallo dattijuwa ce daga kudancin Kaduna, ɗalibai na ce mata Mama. Tana cikin zana huhun mutum a allo dogon ɗalibin ya kama tari, ya daɗe bai tsaya ba. Ta ajiye alli.

"Ɗana, maganin nan zai ci maka ƙirji."

"Ai na sha madara, Mama."

"Madarar ce likitanka?"

"Ita ce babbar likita, ba ta ma sa mutum bin layi," in ji shi, ajin ya fashe da dariya.

Washegari ta zo da gwangwanaye biyu cike da ƙasa da ɗanyar ciyawa, da ɗan magani a kwalba wanda ta roƙo wurin maƙwabcinta. Ɗakin gwaje-gwaje a kulle yake, jemagu sun gaje shi, don haka a bakin taga ta yi aikin. Ta yayyafa wa ɗaya magani da ruwa, ɗayan magani da madara. Ta ce duka biyun za su mutu, ɗalibai su gani da idonsu madara ba ta kare komai. Na ji zuciyata ta cika. Na riƙa hango kaina nan gaba, a gaban wani ajin, da gwangwanayena.

Kowace safiya sai mun leƙa tagar. Ciyawar na nan kore shar, har da raɓa a kanta. Dogon ɗalibin yakan sunkuya ya gaishe da gwangwanin madarar: "Ina kwana, likita, ya marasa lafiya?" Mama ta ce a ƙara haƙuri, amma na ga ita ma ta fara kallon kwalbar da shakka. Ranar Juma'a aka yi sharar makaranta, yara suka juye gwangwanayen a bola. Litinin ta ci gaba da darasi na gaba, don jarrabawa ta matso. Shi kuwa ya shigo a makare, da warin, da tarin, ya zauna kusa da ni yana goge baki da hannun riga.

Na gama makonnina na koma kwalejinmu. Bayan shekaru, a tashar Makarfi, wata da ta kasance ɗaliba a ajin ta gane ni. Ta ce dogon ɗalibin nan ya daina feshi, ya daina komai ma. Yini yake a kan tabarma a zaure, numfashinsa ba ya kai shi masallaci.

Daga baya, ina shirya wa ɗalibaina darasi, na karanta cewa maganin ciyawa ba iri ɗaya ba ne. Wani na ƙona ganye a yini guda. Irin wanda Mama ta samo kuwa sai ya gangara cikin saiwa tukun, yakan yi mako ɗaya ko biyu kafin ganye ya fara rawaya. Ranar da aka juye gwangwanayen nan, ciyawar duka biyun ta riga ta fara mutuwa daga ƙasa.