Ɗorawar da Ba a Sayar Mini Ba

Sai da furfura ta gama cin kaina sannan na gina gida. Kafin nan rayuwata duk a hanya take. Atamfa da leshi nake sarowa a Kwatano da Lome, in sauke a Malanbil, bakin iyakar Benin, in ƙetaro da su ta Lolo ko Illo, wani lokaci in zarce Kamba. Na zauna a gidajen haya da ɗakunan dangi da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma ko'ina akwai mai gida da zai nuna mini inda zan shanya kaya da inda ba zan zubar da ruwa ba. Da Dandanci aka gaya mini wannan, aka gaya mini da Yarabanci, aka gaya mini da Faransancin kasuwa. Da gwiwoyina suka gaji na dawo Bagudo na sayi fili a bakin gari, na ce a nan kam ba mai sake nuna mini inda zan tsaya.

Saboda ɗorawa na zaɓi filin. Tana can ƙarshensa ta gabas, babba, mutum biyu ba su rungume ta. Gonar gado ce aka yanka filaye, kuma magidancin da ya sayar mini ya faɗa a gaban shaidu cewa ƙasa suka sayar, ban da icce. Ban yi mamaki ba. Daga nan har Kandi a Benin haka ake yi: gona tana canja hannu, amma ɗorawa da kaɗanya suna zama na gidan da ya gaje su, kuma matan gidan ne ke zuwa kaɗa 'ya'yan in lokaci ya yi. Wannan ɗorawar gwaggonsa ce ke kaɗa ta, wata tsohuwa mai yin daddawa, wadda ban taɓa gani ba a lokacin. Na ce na ji, na yarda. Inuwa nake so, ba kalwa ba.

Ɗana na biyu, wanda ke aiki a Abuja, shi ya ɗauki nauyin katanga. Yaron kirki ne, ba zan rage masa wannan ba. Amma tun ba a gama rufi ba ya fara turo mini hotunan bayan gidajen abokansa a waya. Duk iri ɗaya: intalok, wato tubalan simintin nan da ake jerawa a ƙasa, daga bango zuwa bango, da ciyawar roba koriya shar a gefe, da fulawa a tukunya kamar an kai ta gidan yari. Ya ce haka zai yi mini, ba laka, ba shara, ba maciji. Magini kuma ya ɗaure masa gindi. Ya ce saiwar ɗorawa sai ta tsaga katanga, sai ta shiga ramin ban-ɗaki, kuma jemagu za su hana ni sakat lokacin fure. Kullum na zo duba aiki sai ya sake jero mini su, kamar mai karanta laifin ɓarawo.

Ni kuwa na riga na shata bayan gidana a kaina tun ina kan hanya. A Faraku, can Benin, na zauna gidan wata mata da ta ja ruwan wanke-wankenta da 'yar magudana zuwa gindin ayaba, ba digon da ke fita titi, ayabar kuwa ta fi ta lambu kyau. A Gaya, can Nijar, na ga yadda suke haƙa fangali ya yi ƙasa da tsakar gida, don ruwan da aka ba shuka ya tsaya inda aka zuba shi. A Lome yashi kawai suke bari, su share shi da safe ya yi zane-zane, mutum har ya ji kunyar takawa. Na kuma ga gidajen intalok ɗin. Na taɓa yin jinya a wani a Kwatano, inda da rana ta take ba mai iya fita tsakar gida ba takalmi, in an yi ruwa kuma duk ya kwarara ya shige gidan maƙwabci a yi ta faɗa. To a garin da zafin bazara ke sa kaza ta buɗe baki tana haki, ni zan shimfiɗa wa kaina tanda in zauna a ciki?

Abin da na tsara ba shi da yawa. Zogale a jere ta bangon arewa. Lalle kusa da ƙofar kicin. Ayaba da gwanda inda ruwan wanka ke fita. Fangali na yakuwa da rama da attaruhu ta yamma, inda inuwa ba ta kaiwa. Tsakiya a bar ta fili, don jikoki da shanya. Gindin ɗorawa kuwa wurin zamana. Na zana wa magini da sanda a ƙasa, ya duba ya ce wannan ai gona ce ba gida ba. Na ce masa a wurin da na fito gidan da ba abin tsinka a jefa a miya masauki ake ce masa.

Aka ja katanga, ta zagaye ɗorawa ta sa ta a ciki. Na tare. Bazara ta zo, icce ya yi jajayen furanninsa masu kama da tuntun hula, ya yi 'ya'ya, suka nuna, suka fara zuba. Gwaggon ba ta zo ba. Na sa aka tsince wanda ya faɗo aka kai mata a buhu. Kafin la'asar buhun ya dawo yadda ya tafi, ba ko saƙo.

Ana nan, wata safiya ina ba zogale ruwa, na ji sallama. Mai filin ne, wanda ya sayar mini, da wasu mutum biyu, ɗaya ya saɓo injin yankan itace. Bayan gaisuwa ya ce sun yi magana da ɗana a waya sun daidaita. Tunda icce ya shiga katanga ba ya yi musu amfani, za su sare abinsu su yi katako da gawayi, ni kuma in samu fili a yi mini intalok. Kowa ya huta. Ya faɗe shi da fara'a, kamar wanda ya kawo mini tsaraba.

Na shiga ɗaki na ɗauko tabarma da carbi, na shimfiɗa a gindin ɗorawa na jingina da ita.

"Hajiya, icce namu na, ke ma kin sani," in ji shi.

Na ce na sani.

"To tashi, kar reshe shi faɗo miki."

"Shi faɗo. Sai ku yi gawayin da mu duka, na ma fi shi bushewa."

Mai injin ya yi dariya, ya sauke injinsa ƙasa. Mai filin bai yi ba. Ya ce shi ba rigima ya zo ba, haƙƙinsu ne, kuma shaidu suna raye. Na tambaye shi ko ya taɓa kaɗa ɗorawar nan da hannunsa. Ya ce wannan aikin mata ne. Na tambaye shi ko ya taɓa kwana yana iza wuta a tukunyar kalwa. Ban jira amsarsa ba na ɗora:

"Kai daddawa sai a miya ka san ta. Je ka zo da mai icce. In ita ta ce a sare, ni da kaina zan riƙe muku igiya."

Sun tsaya sun yi ta shawara a zaure. Ba wanda zai tada inji a kan tsohuwa da carbi a hannu, a unguwar da kowa ke leƙe ta katanga. Suka tafi, amma ya ce za su dawo, kuma na san zai dawo, don gaskiyarsa ce ta al'ada in dai gwaggonsa ta sake masa.

Ban jira ba. Na yafa mayafi na nemi gidan. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa, ta girme ni nesa. Na gaishe ta da Hausa ta amsa a daƙile. Da na ji tana yi wa jikarta magana da Dandanci sai na juya harshe. Ta ɗago ta dube ni, ta ce a ba ni kujera, amma fuskarta ba ta saki ba.

Na gaya mata abin da ya faru da safe. Ta ce ta sani, ita ta ce su je. Tun tana yarinya take bin uwarta gindin iccen nan, ba ta taɓa yi wa kowa sallama kafin ta kaɗa shi ba. Yanzu an ce sai ta bi ta zauren baƙuwa, ta tsaya a ce mata shigo, a tsince mata abinta a aiko mata a buhu kamar sadaka. Gara ta ga an sare shi da ta ga haka.

"Yaya, in na fasa katanga fa? In yi ƙofa ta baya, daidai gindinsa."

"Da kwaɗo?"

Na ce zan ba ta makulli nata.

"Ubana bai bar mini icce da makulli ba."

Mun daɗe muna ja. Na ce mata ni kaɗai ce a gidan, kuma hanyar bayan nan masu babura ke bi da jarkokin fetur zuwa iyaka. Ta ce su ma 'ya'yan mutane ne, ba ɗorawa suke sha ba. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa daga ranar da icce ya yi fure har a kaɗe ɗan ƙarshe, ƙofa a buɗe take daga asuba zuwa magariba, ba sallama, ba neman izini, ita da duk macen gidansu. Sauran shekara in rufe abina. Ta ce in ta ga ƙofa da idonta za ta kira ɗan ɗan'uwanta ta hana shi. Kafin nan ba ta yi alkawarin komai ba.

Da na gaya wa ɗana a waya, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ya ja katanga don in kwana da kwanciyar hankali, ni kuma zan huda ta saboda iccen da ba nawa ba. Ya ce mutane za su ce ya bar uwarsa a gida mai ƙofar baya kamar gidan haya. Ya lissafo ɓarayi, ya lissafo macizai.

"Inna, in kika fasa katangar nan na cire hannuna daga aikin gidan."

"Cire. Allah shi yi maka albarka a kan wanda ka yi. Sauran ni zan yi."

Ya kashe waya. Na ji zafin abin, don ban saba jin wannan murya daga gare shi ba. Amma na shekara da shekaru ina cewa to a tsakar gidan wasu. Washegari na aika a kira magini. Ya zo yana ta mita, ya ce shi bai taɓa gina abu da hannunsa ya fasa da hannunsa ba. Na ce to yau ya ƙaru da sabon ilimi. Ya fasa, ya sa ƙofar ƙarfe ƙarama. Tsohuwar ta zo da kanta ta tsaya daga waje ta duba, ta tura ƙofar ta ga tana buɗuwa, ta juya ta tafi. Masu inji ba su dawo ba.

Bazarar da ta biyo suka zo, ita da surukanta, da dogayen gora masu ƙugiya a baki. Suka shigo ba sallama kamar yadda aka yi, ina zaune ina kallo, suna ta zolayar junansu. Ɗaya ta ce fangalina ya yi zurfi kamar kabari, na ce ta dawo da rani ta ga wanda yakuwarsa ke da rai. Da suka gama ɓare 'ya'yan, tsohuwar ta ce kada a kwashe ɓawon. Ta dubi wurin zamana ta ce ƙasa ce tsurarta, damina na zuwa zai zama taɓo. Suka jiƙa ɓawon ya yi makuba, ruwan nan ja-ja da ake ƙarfafa daɓe da shi, aka kawo tsakuwa da jar ƙasa, suka yi mini daɓe a gindin icce da madaɓai, suna bugawa suna yayyafawa. Ya bushe ya yi sulɓi da duhu, ba ya ɗaukar zafi. Kalwa kuwa ko ƙwaya ba ta bar mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Magini bai yi ƙarya ba. Saiwa ta tsaga katanga ta kusurwar gabas, ana liƙe ta bayan kowace damina. Jemagu ma suna zuwa. Ɗana ya zo da sallah ya gaishe ni a ɗaki, ya ci abinci, bai leƙa bayan gida ba, ni ma ban ce ya leƙa ba. Matarsa ce ta tsinki zogale ta cika leda. Har yanzu gaisuwarmu a waya gajeriya ce.

Bana awakin unguwa suka gano ƙofar. Suka shigo da hantsi suka cinye mini rama tas, suka gwaguye lalle. Maƙwabciyata ta ce to yanzu dai na ga abin da ake gaya mini, sai in rufe. Ranar kasuwar Lolo na sa aka sayo mini zana, na kewaye fangalin da lallen. Ƙofar tana buɗe, don icce bai gama zuba ba.