Jajayen Riguna a Akwatin Littattafai

Jama'a, yau na ga abin da ya ɗaure mini kai a filin makarantarmu ta elementare a Ƙanƙara!

Tun kaka muka sayar da gyaɗar gonar makaranta don a sayo wa ajina littattafan karatu. Duk ranar da na tambayi hedimasta sai ya ce, "Malam Sule, yi haƙuri, lori bai taso daga Funtuwa ba."

To, yau muna da wasan ƙwallo da yaran Faskari. Fili ya cika, 'yan kallonmu da nasu sai habaici suke wa juna. Kwatsam sai ga lori! Aka sauke akwati, na ruga na buɗe. Rigunan ƙwallo ne jajaye!

Na ce wa hedimasta, "Ranka ya daɗe, ina littattafan?"

Ya ce, "So kake 'yan Faskari su yi mana dariya? Mu ci wasa tukuna, iyaye za su saki hannu."

Ban gama haɗiye wannan ba sai yaran Faskari suka shigo. Wallahi rigunansu iri ɗaya sak da namu!

Malaminsu ya matso ya raɗa mini, "Mu audugar makaranta aka sayar. Ku fa?"

Na ce, "Gyaɗa. Wa ya ɗinka maku?"

Ya nuna inuwar tsamiya da baki. Ga tela can zaune tsakanin hedimastanmu da nasu, suna raba goro, kowane hedimasta da sabon keke jingine a bayansa!