Haruffan Hetty a Jikin Bilum

Hetty Sepe ai tun tana ƙarama muka san hannunta na da albarka. Babanta na da injunan wasan yara a shagonsa na kasuwar Goroka, irin na da ɗin nan da rubutunsu ke fitowa gida-gida kamar an jera sukari mai iyali. A gabansu ta girma. Da ta samu aiki a shagon buga riguna, sai ta ce ita irin waɗannan haruffa za ta riƙa zanawa a kwamfuta. Samari suka yi ta rububi, har motocin haya na garin Lae suka liƙa su a jiki.

To, zumuntar matan cocinmu za su babban taro, ana son kowace ta rataya bilum, jakarmu ta saƙa, da sunan coci a jiki. Gwaggonta Dorkas ce ta miƙe ta tsaya mata, ta ce 'yar ɗan'uwanta za ta zana, gida ɗaya ƙulli ɗaya, ko wadda ba ta iya karatu ba za ta bi. Matar fasto ba ta so ba, amma ta bari aka gwada.

Aka saƙa ta gwaji, ta fito ras. Gwaggo Dorkas ta cika ta da dankali ta ɗora igiyar a goshi, ta nufi coci da alfahari. Abin da Hetty ta manta, bilum ba takarda ba ce. Nauyi na shiga ta miƙe, haruffa suka zama dogaye sirara kamar sandunan shinge. Waɗanda suka yi makaranta ma suka kasa karantawa.

Matar fasto ta ce, "Dorkas, sunan cocin ne wannan, ko ruwan sama kuka saƙa?"

Aka yi ta dariya. Aka ce in ba a gyara kafin Lahadi ba, za a kai aikin wani shago. Gwaggo ta koma gida ko dankalin ba ta dafa ba.

Hetty ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta ari jakar, ta loda, ta sauke, ta sake lodawa, tana kallon yadda kowane ƙulli ke ja. Sannan ta zana wasu haruffa gajeru masu faɗi, gwaggonta ta saƙa tana addu'a.

Ran Lahadi matar fasto ta ɗaga sabuwar jakar ba kaya, ta ce haruffan nan kwaɗi ne mota ta take.

Hetty ta ce, "Mama, wa kika taɓa gani da bilum ba kaya? Ara mini jikanki."

Aka kwantar da jaririn ciki, aka rataya a reshen bishiya. Haruffa suka miƙe tsaf, wata yarinya ta karanta daga bakin hanya. Matar fasto ta ce a raba zare, kowace ta saƙa tata. Gwaggo Dorkas ce ta fara miƙa hannu, ta ce ja take so.