Ambulan ɗin Masu Jira

Ranar Litinin, tara ga Maris, Akawu ya fara ganinsa. Ya riƙe ranar ne don shi ya shigar da sunansa a rajista: sabon masinja, shekara hamsin da ɗaya, gajere, mai tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji. Akawu na duƙe kan littafi sai ya ji ƙyas. Kafin ya ɗago, mutumin har ya mayar da wata 'yar kyamara aljihun gaba, ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Daga ranar aka sa masa Baba Ƙyas.

Shekara goma sha ɗaya yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kyamarar na aljihu. Bai taɓa ce wa kowa ya tsaya ya ɗauke shi ba. Da ɗansa ya aiko masa da babba, mai jaka da ƙafafu uku da dogon baki, sai ya rataye ta a ƙusa.

"Baba, ka samu raƙumi ka koma wa akuya?" in ji direban ofis.

"Sa raƙumin a aljihunka mu gani, ɗan nema. Kana ɗaga waccan kowa zai gyara fuska. Fuskar da aka gyara kuwa ta aro ce."

Matar Akawu ta rasu ranar shida ga Yuni. Ya rubuta. Bayan mako guda ya koma aiki. Bai yi kuka ba. Yana ci, yana sa hannu a takardu, yana amsa gaisuwa. A wata na uku ya lura cewa in ya rufe ido ba ya ganin fuskarta. Hotonta ɗaya ne a gidan, na fasfo, ta ƙame kamar wadda aka kama da laifi. Wannan fuskar ce ta fara cinye ta gaskiyar.

Ya tuna ta taɓa zuwa ofis sau ɗaya. Ya ciro littafin baƙi na shekara huɗu baya, ya same ta: sha huɗu ga Oktoba, shiga sha ɗaya da minti goma, fita sha biyu da ashirin da biyar. Ranar Asabar da safe ya tafi ɗakin Baba Ƙyas da 'yar takarda a hannu.

"Ko ka ɗauke ta? Ga kwanan wata, ga lokaci."

"Malam Akawu, ina ni ina kwanan wata? Wannan aikinku ne."

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Ambulan ne jere, kowanne da rubutu a goshi: Hannaye. Masu gyangyaɗi a bakin aiki. Masu dariya ba su sani ba.

"Me ta zo yi?"

"Magani na manta, ta kawo min."

"Ka fito nan take?"

Akawu ya dubi takardarsa. "Ina rufe rajista."

"To, miƙo min mai kaurin nan."

An rubuta masa Masu jira. Hotunan ciki sun fi ɗari biyu. Baba Ƙyas yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa, har ya tsaya.

Tana zaune a bencin baranda, ledar magani a cinya, ta zare takalmi ɗaya ta ɗora ƙafar kan ɗayar. Ta karkata kai wajen taga, leɓenta ya ɗan ja gefe, yadda take yi in tana shirin tsokanarsa. Ita ce. Ta bayan gilashin tagar ana hango wani kai a duƙe kan littafi.

Akawu ya daɗe yana kallo. Ya saurara ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Shiru. Ya juya hoton, ya zaro biro, ya rubuta ranar. A ƙasa ya ƙara: awa ɗaya da kwata.

"Tafi da shi," in ji Baba Ƙyas. "Dama kai take jira."

Baba Ƙyas ya yi ritaya a shekarar da ta biyo. Yanar ido ta rufe masa gani, ya daina ɗauka, amma bai daina sa kyamarar a aljihu ba. Ya rasu ranar biyu ga Fabrairu a gidan 'yarsa, yana da shekara sittin da biyar. Babbar kyamarar ta koma wa ɗansa, ko sau ɗaya ba a kunna ta ba. Ƙaramar tana wurin 'yar, tare da kwalin.