Rakiyar Baba Isuhu

Sulay, ƙarfe 5:30

Ranar Juma'a, kwanana goma sha ɗaya rabona da giya. Mutanen gida za ku ce, giya a Riyad? Akwai ta, ta ɓoye, wadda ake dafawa a bayan gareji, kuma ta kusa cinye ni. Kafil ɗina, wato mai gidan da nake wa tuƙi, ya rantse in ya sake jin warin nan a motarsa sai dai in ga filin jirgi. Wani nas ɗan Indiya ne ya rubuta min lambar waya, ya ce akwai masu irin matsalata da ke haɗuwa su taimaki juna.

Na idar da Asuba, na ɗauki takalmi a hannu don kada 'yan ɗakinmu na unguwar Sulay su ji. Ina buɗe ƙofa sai ga Baba Isuhu, tsohon Maraɗi mai gadin sito, gadonsa na ƙarƙashin nawa.

"Habu, ina zuwa?"

"Kasuwar Batha, Baba. Caja zan sayo."

"Mu tahi in taka maka zuwa bakin titi."

Wa ke hana dattijo rakiya? Muka isa titi, kwasta ta haya ta tsaya, na shiga, na waiwaya in yi sallama. Bawan Allah har ya zauna kusa da taga!

Batha, ƙarfe 6:40

Riyal uku-uku, tafiyar kusan kilomita goma sha biyar, rabinta kewaye saboda ramukan aikin jirgin ƙasa. Muka karya da tamis da ful, wato gurasa da wake, wajen wani Ba'afgane. Na sayi cajar da ba na buƙata, riyal goma, na ce to Baba, sai ka koma, ni zan leƙa wani aboki.

"Abokinka ai ɗana ne," in ji shi, yana suɗe yatsa.

Na koma bayan shago na kira lambar. Wata murya ta ce da Turanci, ƙarfe tara, kusa da Unguwar Ofisoshin Jakadanci, in na iso in sake kira. Ba suna, ba adireshi. A garin nan ba ka tare mutum ka ce ina ake taron masu barin giya.

Ƙofar Unguwar Jakadanci, ƙarfe 8:05

Tasi riyal ashirin da biyar. Direban ya zarce da mu har shingen bincike. Jami'i ya karɓi iƙamarmu, wato katin zama, ya ce, "Wen rayih?" Ina za ku? Baba ya ce masa, "Ziyara, ya shekh," da murmushinsa na goro. Jami'in ya ce ziyarar wa? Babu amsa. Ya miƙo mana katunanmu, ya nuna mana hanyar juyawa.

Na sake kira. Mutumin ya yi ta ba ni haƙuri, wai ya manta an sauya wuri makon nan, yanzu wata istiraha ce, gidan hutu na haya, a wajen Dir'iyya. Wallahi a nan zuciyata ta ce ka ga, kai ma ka yi ƙoƙari, koma gida. Har daɗi na ji.

"Baba, abokin ya yi tafiya. Mu koma."

"Na ji ka ce Dir'iyya a waya. Ban taɓa ganin Dir'iyya ba." Ya dafa kafaɗar direba. "Yalla, mu tahi!"

Dir'iyya, ƙarfe 8:50

Muka bi gefen Wadi Hanifa, dabino a dama, katafila a hagu. Ƙofa koriya, an ce, kusa da tankin ruwa. Ga ta. Na tsaya, kunya kamar in nutse.

Baba ya share wani dakali ya zauna. "Rakiyata nan ta tsaya. Shiga."

"Baba, ka san ko ina ne nan?"

"Ban sani ba. Amma wata takwas ni ke zubar da bokitin da kake amai ciki kafin yara su tashi. Kwana goma sha ɗaya ban zubar ba. Duk inda za ka, na ce gwamma in ga ka kai."

Ni da nake zaton ba wanda ya sani. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Sannan na ƙwanƙwasa.

Mu tara ne, da fulas ɗin shayi biyu. Ba wanda ya tambayi garinmu ko sunan mahaifina. Wani injiniya mai furfura ya ce shekararsa shida rabonsa da giya, kuma har yau kwana ɗaya-ɗaya yake ɗauka. Da aka zo kaina, Turancina ya ƙare a jimla ta uku, na ƙarasa da Hausa. Suka saurara har na gama, suka rubuta min lambobinsu.

Komawa

Na fito goma da rabi na tarar da Baba ya bi inuwa har gindin tanki. Muka yi Juma'a a wani masallaci nan kusa, muka isa Sulay uku saura kwata. 'Yan ɗaki suka ce tun safe caja ɗaya? Baba ya ce layi ne ya yi yawa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa nas, da mutum takwas da ba zan faɗi sunansu ba. Baba kuwa da na durƙusa zan yi masa godiya, sai ya kore ni da hannu.

"Bar wannan. Juma'a mai zuwa ka ɗauko min tabarma, dakalin nan akwai zafi."