Shekarun da Malam Ya Yi a Bakin Turmi

Abubuwa da yawa sun wuce ta kaina a rayuwa, wasu na manta da su sarai, amma yammacin da maigidana ya sake zama a kan tabarma ba zai fita daga raina ba sai ranar da aka kai ni makwancina. Wani zai ce zama kuma har wani abu ne? Da can ni ma haka zan ce. Sai da na ga mutum ya yi shekaru yana kallon tabarma kamar yadda mai azumi yake kallon randa, sannan na san zama ma arziki ne.

Malamin gona ne, shi ya sa kowa yake ce masa Malam, ni ma na bi sahu. Tun kafin a yanke mana jihar Jigawa yake fita daga Haɗejiya a kan keke da sassafe, ya bi fadama ƙauye-ƙauye yana duba shinkafa da alkama da tattasai, wani lokaci har Malam Madori. Keken nan ya tsufa, sirdinsa ya zama ƙarfe zalla, ya ɗaure shi da tsumma. Nakan tsokane shi in ce da ni da keken ban san wace ce uwargida ba. Sai ya yi dariya ya ce ai keken ba ya neman kuɗin cefane.

A unguwarmu maza ciyayya suke yi. Da an sallame magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Baba, a baje tabarmi, a ci na wannan a koma na wancan. Baba tsohon masunci ne, aminin mahaifin Malam, kuma shi ya riƙe shi bayan mahaifin ya rasu, shi ya sa shi a makaranta, shi ya je neman aurena. Wurin Malam a hannun daman Baba yake, kowa ya sani. Ni kuwa abin alfaharina ke nan a lokacin, domin ran da na yi burabusko da miyar busasshen kifi, kwanona ne yake fara dawowa a suɗe, har Baba ya aiko a ce min sannu da aiki.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin abin ya fara. Malam ya riƙa dawowa yana tura keken maimakon ya hau. Da na matsa masa sai ya ce min, kansa a sunkuye, wani zafi ne yake ji a matse-matsinsa, gaba da baya, kamar an ajiye masa garwashi. In yana tsaye babu komai, in ya kwanta sai barci, amma da ya zauna sai wutar ta fara ruruwa, tana ƙaruwa har yamma. Ni matarsa ma da ƙyar na ji wannan, to ina ga maza a ƙofar gida? Sai ya ce musu basir ne, don a ƙasarmu duk ciwon da yake ƙasan cibiya basir ne sunansa.

Baba da kansa ya shiga jeji ya samo sassaƙe da saiwoyi, ya kawo da hannunsa. Malam ya sha har cikinsa ya lalace, bai ji sauƙi ba. A asibitin garinmu aka duba aka ce ba a ga basir ba, amma a sha maganinsa ko da yana ciki. A Kano aka ɗauki hoton ƙashi, aka auna fitsari da jini, aka ce lafiyarsa ƙalau.

Nan fa matsalar take. Mutum ne ga shi nan jajir, yana tafiya a ƙasa har fadama, ya wuni a tsaye cikin rana yana nuna wa manoma aiki, amma da an baje tabarmar ciyayya sai ya ce ba shi da lafiya. Da farko yakan daure ya zauna, ya yi loma biyu yana mutsu-mutsu, ya miƙe. To ba a tashi a bar dattijo yana ci, ba a kuma tsayawa a kan mutane suna ci, balle a ci a tsaye. Duk wadda ya ɗauka rashin ladabi ce. Daga baya sai ya daina fita, ya riƙa aika kwanon kawai. An yi rashin sa'a a daidai lokacin aka ƙara masa girma a wurin aiki, sai mutane suka haɗa wannan da wancan, suka ce Malam ya zama babban ma'aikaci, ya fi ƙarfin zaman ƙasa.

A cikin gida kuwa ya gano wata dabara. Wata rana na gama daka na shiga ɗaki, da na fito sai na tarar da shi zaune a bakin turmina, ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Na ce Malam lafiya? Ya ce tun da ciwon nan ya fara, yau ne ya zauna bai ji komai ba, domin bakin turmin yana tallafe mazaunansa ta gefe, tsakiyar kuma ba abin da yake taɓa ta. Daga ranar turmin ya zama kujerarsa, ni kuma na sayi wani na daka. A kansa yake cin abinci, a kansa yake sauraren rediyo, kullum kunnensa yana waje yana jin dariyar 'yan ciyayya ta kan katanga.

Amma a wajenmu ko yaro aka gani a kan turmi sai an kore shi, balle magidanci mai gemu. Wata mata ta shigo ɗibar wuta ta gan shi, kafin a yi la'asar labari ya zagaye unguwa: wai na mallake shi, na ɗora shi a kan turmi na dake masa zuciya, shi ya sa ba ya iya fita cikin maza. A gidan biki sai in ga mata suna ƙifta ido. Akwai wadda ta ja ni gefe, da gaske take, wai in taimaka mata da sunan bokana. Na ce mata in da ina da boka ai da na fara sa shi ya gyara miki baki.

Abin da ya karya mu shi ne ran da kwanon ya dawo a rufe kamar yadda ya tafi. Tuwon shinkafa ne da miyar tarwaɗa, ko yatsa ba a sa ba, aka ce Baba ya ce an gode, a daina wahala. Malam ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo, ya rufe. Na ce ya je ya faɗa wa Baba gaskiyar inda ciwon yake da yadda yake.

"Da wane bakin?" in ji shi. "Mutumin da ya yi min tsarki ina yaro, in tsaya ina kwatanta masa wannan wurin?"

Haka muka yi ta tafiya, damina ta zo kogi ya cika ya shafe fadama, rani ya zo a koma noman alkama, Malam yana kan turmi. Ya rame, ya rage magana. Ni kuwa kewar mutumin da na aura nake yi alhali ga shi a gabana, domin ko hirar da mukan yi a tabarma ɗaya ta ƙare. In ya haɗu da Baba a masallaci zai durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa ciki-ciki ya wuce.

Maƙwabciyata nas ce, Kirista, mutuniyar Filato, mun shaƙu har muna yi wa juna kitso. Ita ce ta gaji da ganina ina kuka a madafa, ta ce akwai wani likitan jijiya a wani babban asibitin koyarwa da bai daɗe da dawowa daga waje ba. Ta ce amma kada in bar Malam ya shiga shi kaɗai, don ta san mazanmu, zai ce basir ne ya yi shiru. Shekarun casa'in sun yi nisa a lokacin. A tsaye Malam ya yi tafiyar nan a bayan mota, riƙe da ƙarfe, tare da buhunan kifi.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Likita ya nuna masa kujera, ya ce ya gode, tsayuwar ma ta isa. Aka tambaye shi me ke damunsa, ya ce basir. Likita ya tambaya ko akwai wani irin zama da ba ya ji masa ciwo, ya ce babu, yana kallon bango. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Likita, a bakin turmi yake zama. Nan kaɗai ne ba ya jin zafi."

Malam ya harare ni harara mai kyau. Likitan kuwa sai ya ajiye alƙalaminsa ya ce in sake faɗa. Ya yi ta tambaya: zafin yana tashinsa daga barci? Wane aiki yake yi? Shekara nawa ya yi a kan keke? Daga nan ya yi mana bayani cewa akwai wata jijiya da take bi ta cikin ƙugu ta sauko gaba da baya, a hanyarta tana ratsa tsakanin wasu igiyoyin nama masu tauri. In wurin ya matse ta, kamar yadda yawan zaman sirdi yakan jawo, to duk sanda mutum ya zauna danne ta yake yi. Ya yi masa allurar kashe zafi a daidai wurin don ya gwada. Can sai ga Malam zaune daram a kan bencin asibiti, yana ta kallona, hawaye yana bin gemunsa. Kafin yamma allurar ta sake shi, amma dai mun san ciwon yana da suna, kuma ba ni na ɗora masa ba.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce akwai tiyatar da ake yi a buɗe wa jijiyar hanya, sabuwa ce, a lokacin sai an je Masar, kuma ba kowa take yi wa aiki ba, wanda ta yi wa ma sai ya yi haƙurin watanni. Yadda dangi suka haɗu aka shirya tafiyar dogon labari ne. Kafin ya tafi ya je sallama da Baba, ya ce masa aikin jijiya za a yi masa. Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai ƙara ko kalma ba.

Yayana ne ya raka shi. Malam ya dawo da ɗinki a mazauni, ciwo kuma yana nan, wasu ranakun ma ya fi na da. Na yi kuka a wannan rani har na gode Allah. 'Yan unguwa suka ce ai dama asiri ba ya jin wuƙa. Sai da aka fara girbin gero na lura yana rage neman turmin. Wata rana da la'asar ina tsince shinkafa, na ɗago kai na gan shi a kan tabarma yana ɓarar gyaɗa, ya miƙe ƙafa, bai ma san ya zauna ba. Ban yi magana ba don kada in tuna masa. Shi da kansa ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Ɗora tukunya. Burabusko za ki yi."

Amma ciyayyar ta riga ta watse. Baba ya kwanta ciwo tun farkon damina, idonsa ya tafi, ba ya fita ko zaure. Da aka yi magariba Malam ya ɗauki kwanon da hannunsa, ni kuma na yafa mayafi na bi shi da sunan zan gaida matan gidan, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

Ya yi sallama, ya zauna a ƙasa ta hannun daman shimfiɗar, ya tanƙwashe ƙafa. Baba ya gane muryar. Can sai ya ɗaga hannu sama yana lalube, yana zaton a tsaye yake kamar yadda ya saba shekara da shekaru, bai taɓa komai ba. Hannun ya yi ta saukowa a hankali har ya sauka a kan kafaɗar Malam.

"A zaune kake?"

"A zaune nake, Baba."

Tsohon nan ya daɗe riƙe da kafaɗar. Sannan ya ce, "Ashe da gaske ciwo ne. Ni kuwa ban taɓa barin kowa ya zauna a wurinka ba. Ka tashe ni, ka buɗe kwanon."

Malam ya jingina shi da jikinsa suka ci tare. Baba loma kaɗan ya iya yi, amma ya ce a faɗa min hannuna bai canza ba. Na koma gida ina kuka a hanya, ban damu da wanda ya gan ni ba. Kullum Malam yakan kai kwanon nan har zuwa lokacin sanyi, sannan Allah ya karɓi Baba. 'Yan watanni kawai suka samu, bayan duk shekarun da katanga ɗaya ta raba su.

Malam bai warke tas ba, doguwar tafiya a mota takan tayar masa, keke kuwa ya bar shi har abada, amma ya zauna cikin mutane har ƙarshen ransa. Yau shi ma ba ya nan. Turmin yana ɗakina, bakinsa ya yi santsi, ba na bari a yi daka a ciki, kuma akwai yammacin da nakan ji da zan sake ganinsa a kai ko sau ɗaya, ko da unguwa za ta sake yi da ni. Abin da na koya shi ne kunya ado ce, amma ban da gaban likita da gaban wanda yake ƙaunarka, don ta ci mana shekarun da ba za su dawo ba. Kuma tun daga lokacin, in na ga mutum a tsaye alhali kowa yana zaune, ba na cewa girman kai ne. Matsawa nake yi kusa da shi in ce masa sannu.