Ranar da Kwamfutar Gwaggo Ta Yi Zazzaɓi

Jiya a wurin aiki wata tsohuwar kwamfuta ta kama gurnani a ƙarƙashin tebur, irin gurnanin fankar da numfashi ke yi wa wuya. Nan take na ganni ina 'yar shekara goma sha uku, a shagon Gwaggo a New Bell, tsakiyar damina. In ba ka taɓa cin damina a Douala ba, kada ka ce mini ka san ruwa. Sai ya yi mako yana zuba. Takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, gishiri ya narke a gwangwani, kwata ta cika ta shigo ɗaki ba sallama.

Gwaggo yayar Babana ce. Ta daɗe tana buga takardu a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa, da ta bar aikin ta buɗe shago a zauren gidanmu. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, firinta, sai na'urar ɗaukar hoton takarda. Tana buga wa mutane takardar neman aiki da katin ɗaurin aure. Amma akwai wani aikin da ba wanda ya sa ta. Tun shekarar da ruwa ya shiga gidaje ya jiƙa akwatunan mutane, duk wanda ya shigo da takardar haihuwa ko ta aure, sai ta ɗauki hotonta ta ajiye a kwamfutar kafin ta bar shi ya fita. Da yawa daga cikin takardun nan daga baya ruwa ya mayar da su kunu, hoton da ke wurin Gwaggo kaɗai ya rage. Ta Kaka, uwar su Baba, tana cikinsu. A daminar da nake ba ka labari kuwa ake shirin yi mata fasfo ta tafi Makka, kuma sai da lambar da ke jikin takardar za a nemo mata sabuwa a mairi, wato ofishin magajin gari.

Gwaggo tana ji da kwamfutar nan kamar amarya. Ta ɗinka wa akwatin kwamfutar riga da atamfa, tun daga sama har ƙasa, don kada laima ta shiga. Kullum da safe kuma ta kawo kasko da turaren wuta ta tura ƙarƙashin tebur, dab da ita, wai ba za a shigo shagonta a ji warin kwata ba. Mu duk a gidan ba wanda ya ga laifin haka. Ai ko tufafi haka ake turara su.

Ciwon farko daga kile ya zo, 'yar ƙaramar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Kowa ya dawo daga shagunan intanet na Deïdo sai ya zo ya soka tasa, har tamu ta kwashi cuta. Ta yi nauyi, ka danna abu ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta buɗe ba. Ni abin da na tsana ke nan a duniya, jira. Sai malamarmu ta kwamfuta ta raba mana faifan wani sabon sistem, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, fitowarsa ke nan. Ta ce kyauta ne, mutane ne barkatai a duniya suka haɗu suka rubuta shi, kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara, kuma cutar kile ba ta cika kama shi ba.

Na kai wa Gwaggo. Ta juya faifan a hannu, ta dube ni ta saman tabarau.

"Kyauta? To su me suke ci?"

Na ce ban sani ba, kuma ba ruwana. Ta ce to a bari sai Asabar, malamar ta yi alkawarin aro mana babbar ma'ajiya, a kwashe takardun mutane tukuna. Ranar Laraba ce. Na ce ai ba sai an kwashe ba, shi da kansa yake matsar da tsofaffin kaya gefe ya zauna kusa da su, na gani a makaranta. Ta ce, "Doucement, a hankali 'yata. Asabar." Ta tashi ta shiga ciki yin azahar.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Tana fita na sa faifan. Ya tambaye ni harshe, na ce Faransanci. Ya tambaye ni gari. Ya tambaye ni ko ya matsar da kayan da ya tarar, har ya yi gargaɗi cewa a tabbata an ajiye su a wani wuri. Ban gama karantawa ba na danna. Wani layi ya fara tafiya a allo, fanka ta kama gurnani, tana ƙara ƙarfi, tana ƙara ƙarfi. Layin bai kai rabi ba sai ɗif. Allo ya yi baƙi.

Na ɗaga kai na ga ƙwan lantarki a kunne, ba ɗauke wuta aka yi ba. Na sake kunna ta. Tsohon sistem ya ƙi tashi, sabon bai gama shiga ba, sai wasu 'yan rubutu farare. A haka Gwaggo ta same ni, carbi a hannunta. Kafin ta yi magana na riga na fara zagin faifan, ina cewa kayan banza ne, shi ya sa suke bayarwa kyauta.

Ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin atamfar, ta yi saurin janyewa.

"Wannan ai zazzaɓi take yi."

Ta tuɓe rigar, ta kwance murfin da bakin wuƙar kicin. Abin da muka gani a ciki ba ƙura ba ce irin ta kowa. Wani baƙin danƙo ne mai ƙamshi, ya liƙe a fukafukan fanka, ya toshe duk ƙofofin iska. Hayaƙin turaren shekaru ne ya haɗu da ƙura da laima. Buga wasiƙa ba ya wahalar da ita, shi ya sa take lallaɓawa. Da na ɗora mata aiki mai nauyi, zafi ya yi yawa, ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Kaka ta leƙo daga tsakar gida, ta ga cikin, ta riƙe haɓa. "Ke kin shaƙe ta da turare, wannan mai rawar kan kuma ta ɗora mata dutse. Ni dai ina Makkata?"

Har la'asar muna gogewa da tsohon buroshin haƙori da auduga, ruwa na dukan kwano. Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi duka ciwo. Da muka rufe, na tuna abin da malama ta nuna mana: sistem ɗin yana iya tashi daga kan faifai kawai, ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba. Na gwada. Fanka ta yi shiru kamar ba ita ba. Na buɗe, sai ga jakunkunan takardun Gwaggo, gida-gida kamar yadda ta jera su. Ta Kaka ta buɗe tas. Gwaggo ta riƙe mini hannu, ta ce kada in ƙara taɓa komai sai ta kwafe lambar da biro. Sau biyu ta karanta ta da ƙarfi.

Amma ba duka suka tsira ba. Waɗanda ake cikin matsarwa lokacin da ta mutu sun lalace. Wasu rabin hoto ne, wasu toka-toka. Ranar Asabar muka kwashe abin da ya rage, sistem ya shiga lafiya, firinta ta ɗan yi gardama na lallashe ta. Washegari Gwaggo ta sa mayafi, ta miƙo mini lema, muka bi gidajen da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa magana ɗaya take yi: "Amanarku ta lalace a hannunmu." Ba ta taɓa cewa yarinyar nan ce ba. Ni kuma ina tsaye a bayanta, ƙafata cikin taɓo.

Yawancinsu suna da wata takardar da za ta kai su ga lambar. Mutum ɗaya ne ba shi da komai, wani tsohon tela a bayan masallaci. Ya saurare mu bai tsayar da keken ba, ya ce Allah ya sa iyakar asarar ke nan, ya ba ni alewa.

Kaka ta je Makka ta dawo da haƙorinta. Yanzu zauren ya zama wurin sayar da cajar waya, ba mai zuwa a buga masa wasiƙa. Kowa takardunsa na cikin wayarsa, in an fizge ta a kan babur a Ndogbong shi kaɗai ya yi asara, ba wanda zai zo ƙofarsa da lema ya ba shi haƙuri. Ni aikina ke nan yau, sa wa mutane sistem, kuma har yanzu ba ni da haƙuri, abokan aikina za su shaida. Telan bai taɓa samun sabuwar takarda ba har ya rasu. Duk shekarun nan in na wuce shagonsa sai ya ɗago kai ya ce, "Injiniya, an fito?" Har yau ban sani ba ko tsokana ce ko yafiya, kuma ban taɓa samun ƙarfin tsayawa in tambaye shi ba.